Babi na Bakwai: Morel da Wuyar Nomansa a Gida

Yawancin nau'o'in naman kaza da ake nomawa a duniya sun miƙa wuya ga manomi ne saboda dalili guda, wato abincinsu matacce ne kuma mai sauƙin samu, ta yadda duk wanda ya tanadi ruɓaɓɓen takin doki, ko gungumen itace, ko garin katako, sannan ya kula da laima da iska, zai ga amfanin wahalarsa cikin 'yan makonni ko watanni. Farin naman kazan da ya cika kantunan Turai tun ƙarni na 17 ake nomansa a kewayen birnin Paris, har masanin tsirrai Tournefort ya rubuta yadda ake yinsa a 1707, shi kuwa shitake an shafe ɗaruruwan shekaru ana tsirar da shi a kan gumagumai a ƙasashen Sin da Japan. Morel, wanda masana ke kira Morchella, ya ƙi bin wannan sahu. Tun daga ƙarshen ƙarni na 19 ake jin rahotanni daga Faransa na mutanen da suka ce sun tsirar da shi a lambunansu, wani a kan tarin ruɓaɓɓiyar tuffa, wani a gindin kayan lambu, amma waɗanda suka bi bayanin da suka bayar sai su tashi a tutar babu, kuma sai da aka shiga shekarun 1980 kafin a samu wanda ya fitar da shi a cikin ɗaki, ya kuma iya maimaitawa. Mai sha'awar nomansa a lambun gida ya kamata ya san wannan tarihi tun kafin ya sayi iri, domin abin da ya gagari masana na tsawon ƙarni guda bai zama mai sauƙi ba don kawai yanzu ana tallar irinsa a intanet.

Shi morel ɗan ƙaramin abu ne, tsawonsa bai cika wuce santimita 5 zuwa 15 ba, yana da farar ƙafa da doguwar hula mai ramuka-ramuka kamar saƙar zuma, idan kuma aka tsaga shi biyu daga sama zuwa ƙasa sai a tarar da cikinsa wayam, hular na manne da ƙafar ba tare da ta yi lilo ba. Ya fi fitowa ne a ƙasashen arewacin duniya masu hunturu na gaske, a cikin 'yan makonnin da ke biyo bayan narkewar dusar ƙanƙara, galibi daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ɗumin ƙasa ya kai wajen digiri 10 a ma'aunin Selshiyos. A tsaunukan Kashmir da Himachal Pradesh, inda ake kiransa gucchi, da kwarin Swat na Pakistan, da dazuzzukan Turkiyya, tsintarsa sana'a ce da iyalai ke jira duk shekara, a Amurka kuwa garin Boyne City na jihar Michigan yana yi masa biki a kowane watan Mayu, jihar Minnesota ma ta ayyana shi a matsayin naman kazanta na hukuma a 1984. Ƙanshinsa da ƙarancinsa da gajartar lokacinsa ne suka sa kilo guda na busasshensa ke kaiwa ɗaruruwan daloli a kasuwannin Turai, ga shi kuma sai an busar da ɗanye kilo 8 zuwa 10 kafin a samu busasshe kilo ɗaya.

Abin da ake tsinta a ci, 'ya'ya ne kawai na wata halitta da ke ɓoye a cikin ƙasa. A bangon ramukan hular akwai ƙananan bututu da ido ba ya iya gani, kowanne ɗauke da ƙwayoyin iri guda takwas, kuma idan suka nuna sai a harba su cikin iska kamar ƙura, shi ya sa za a kira su ƙurar iri a wannan babi. Wannan tsari ya sanya morel cikin dangi ɗaya da turaful, naman kazan nan mai tsada da ake tonowa a Faransa da Italiya, ya kuma nisanta shi da masu siffar laima waɗanda ke zubar da irinsu daga ƙarƙashin hula. Idan ƙwayar ta faɗi a wuri mai danshi sai ta fitar da siririn zare, zaren ya yi rassa ya sarƙe ya zama wata saƙa da masana ke kira maisiliyam, wadda ita ce ainihin jikin halittar, ita ce kuma ke narkar da abinci ta tsotse shi. A wannan mataki morel ba shi da gardama ko kaɗan, hasali ma yana cikin masu saurin yaɗo, domin saƙarsa na iya mamaye ɗan faifan gwaji na ɗakin bincike cikin kwanaki huɗu ko biyar, kuma wannan sauri ne ya yaudari masu gwaji da yawa suka ɗauka cewa aiki ya kusa ƙarewa alhali ko rabinsa ba a yi ba.

Tsakanin saƙa da 'ya'ya akwai wani mataki da farin naman kaza da shitake ba su da shi. Idan abinci ya fara ƙarewa, ko sanyi ya ƙarato, zaren morel yakan dunƙule ya zama wasu ƙananan curi masu tauri, da farko farare kamar an barbaɗa tsaki, daga baya su koma launin tsatsa, cikinsu cike da maiƙo da sauran abincin da aka tara, kuma su ne masana ke kira sikilerotiya, a nan kuwa curin ajiya. Da su halittar ke tsallake hunturu. Thomas Volk da Thomas Leonard na Jami'ar Wisconsin, waɗanda suka zayyana zagayen rayuwar morel a 1990, sun nuna cewa idan yanayi ya gyaru curin yana da zaɓi biyu, ko dai ya sake fitar da sabon zare ya ci gaba da neman abinci, ko kuma ya juya abin da ya tara ya gina 'ya'ya, kuma hanya ta farko ita ce ya fi saurin bi. Duk wahalar noman morel a nan ta taru. Muddin akwai abinci a kusa da shi, babu abin da zai sa ya haihu, sai ya ga cewa abincin ya yanke, sanyi ya ratsa shi, ruwa mai yawa ya biyo baya, sannan ɗumi ya fara dawowa a hankali. Saboda haka al'adar da mai lambu ya saba da ita ta zuba taki a cakuɗa da ƙasa domin shuka ta ji daɗi, ita ce ta fi komai hana morel fitowa, domin za ta ba shi saƙa fara sol mai ban sha'awa wadda ba za ta taɓa haifar da komai ba.

Akwai kuma batun jinsi, wanda ya daɗe yana rikita lissafi kafin binciken ƙwayoyin gado ya warware shi. A da ana ɗaukar morel a matsayin jinsuna kaɗan da ake bambantawa da launi, amma binciken da aka yi daga 2011 zuwa yau ya nuna cewa sun haura 60, sun kuma kasu zuwa manyan zuriyoyi uku, wato masu launin rawaya, da baƙaƙe, da wata ƙaramar zuriya da Morchella rufobrunnea ke ciki. Masu rawayan, irin su Morchella esculenta, su ne ake samu a gindin itatuwan elm masu mutuwa da itatuwan ash da tsofaffin gonakin tuffa, kuma suna da wata alaƙa da saiwoyin itatuwa wadda har yanzu masana ke muhawara a kanta, su ne kuma suka fi ƙin nomuwa. A cikin baƙaƙen kuwa akwai waɗanda ba ruwansu da itace mai rai, suna bin wuraren da aka tayar wa hankali ne kawai: Morchella importuna yana fitowa a kan ɓarzajjen katakon da ake shimfiɗawa a gindin furanni a birane, su kuwa Morchella sextelata da Morchella eximia suna ɓarkowa da yawa a dazuzzukan yammacin Amurka a shekarar da ta biyo bayan gobara. Kusan duk morel ɗin da ake nomawa a duniya yau daga waɗannan ukun yake, tare da rufobrunnea. Mai sayen iri da aka nuna wa hoton kyakkyawan morel mai rawaya a jikin kwali, ba a kuma rubuta masa sunan jinsin da ke ciki ba, yana da dalilin yin shakka.

Mutumin da ya fara karya lagon wannan halitta shi ne Ronald Ower, wanda ya yi aikinsa a Jami'ar Jihar San Francisco ya kuma wallafa sakamakonsa a mujallar Mycologia a 1982. Daga baya ya haɗa kai da Gary Mills da James Malachowski a Michigan, aka ba su takardar mallakar fasaha a 1986, shekarar da shi Ower ya rasu. Jigon dabararsu shi ne raba abinci da wurin zama: a shuka saƙar a ƙasa marar ƙarfi, a ajiye dafaffen hatsi a wani gefe dabam inda zaren zai miƙa ya ɗebo ya kawo cikin ƙasar ya tara a curin ajiya, sannan a ɗauke hatsin gaba ɗaya, a kwarara ruwa ya ratsa ƙasar a hankali. An gina masana'antu a kan wannan fasaha a Alabama da Michigan, sun kuma sayar da morel na wasu shekaru, amma amfanin ya riƙa hawa da sauka, cututtuka suka riƙa shiga, har aka daina a wajen 2008. Sai daga baya aka gane cewa jinsin da Ower ya yi aiki da shi, wanda ya ɗauka esculenta ne, ashe rufobrunnea ne, jinsin da ba a ma ba shi suna ba sai a 1998 daga samfurin da aka samo a Meksiko, kuma shi ne dai Segula Masaphy ta sake fitarwa a cikin ɗaki a Isra'ila ta bayyana a 2010. Wannan kuskuren suna kaɗai ya isa ya bayyana dalilin da ya sa mutane da dama suka bi takardar Ower sau da ƙafa da irin da suka tsinto a daji ba su ga komai ba.

Inda haƙa ta cimma ruwa shi ne ƙasar Sin, musamman lardin Sichuan, inda masu bincike da manoma suka fitar da tunanin Ower daga ɗaki suka kai shi gona, suka bar hunturu ya yi aikin da na'urar sanyaya ɗaki ke yi. Sun maye gurbin dafaffen hatsin dabarar Ower da wata 'yar leda cike da dafaffiyar alkama da garin katako ko ƙaiƙayi ko totuwar masara, wadda ake tsagawa a kifa a kan ƙasa bayan saƙa ta kama, kuma wannan ledar ciyarwa ita ce ta mayar da noman morel sana'a. Filin da ake nomansa a Sin ya tashi daga wajen hekta 200 a 2011 zuwa fiye da hekta 1,200 a 2015, ya kuma haura hekta 16,000 a kakar 2021 zuwa 2022, yana yaɗuwa daga Sichuan da Yunnan zuwa lardunan arewa. Wani bincike da Tan Hao da abokan aikinsa suka wallafa a 2019 ya bi diddigin abin da ke faruwa a cikin ledar, ya nuna cewa zaren na shiga ya narkar da sitaci da maiƙon alkama ya sauko da su cikin ƙasa, wato makamashi ne ledar ke bayarwa, ba sinadarin naitirojin da taki ke bayarwa ba. Duk da haka rahotannin masanan Sin da kansu sun nuna cewa amfanin gona ɗaya na iya kamawa daga babu komai zuwa sama da tan bakwai a hekta, kuma manoma da yawa sun tafka asara a shekarun da zafi ya yi sammako.

Idan aka dawo kan mai lambun gida, hanyar da aka fi yayatawa ita ce ta jiƙon iri, domin ba ta buƙatar komai sai bokiti. Ana samun morel da ya nuna sosai, a jefa shi cikin ruwan da babu sinadarin kulorin a ciki, a sa ɗan gishiri kaɗan domin rage ƙwayoyin cuta, da cokali guda na baƙin ruwan rake mai kauri da ke saura bayan an tace sukari, a rufe kwana ɗaya ko biyu, sannan a tace a watsa ruwan a inuwar itace inda aka barbaɗa toka da ɓarzajjen katako. Babu shakka ƙurar iri na tsirowa a irin wannan ruwa, amma daga nan zuwa 'ya'ya tafiya ce mai nisa, domin ɗan zaren da ya fito zai yi gogayya da dubban halittun da suka riga shi zama a ƙasar, kuma babu wani rumbun abinci da aka tanadar masa shi kaɗai. Masu wannan hanya sukan ce a jira shekara biyu zuwa biyar, wanda hakan ke nufin ko da morel ya fito a ƙarshe, babu mai iya rantsuwa cewa jiƙon ne ya kawo shi, tunda a yankunan da ake wannan gwaji iska ma na ɗauke da irinsa. Ba ta da tsada, ba ta kuma cutar da kowa, amma caca ce, bai kamata a kira ta noma ba. Kwalayen iri da ake sayarwa da umarnin a cakuɗa su da ƙasa da toka a manta da su, sun fi jiƙo da taki ɗaya kawai, domin saƙa ce mai rai a ciki, sai dai yawancinsu ba su zo da ledar ciyarwa ba.

Wanda ke son ya gwada da gaske, abin da ya fi masa shi ne ya ƙanƙanta tsarin Sichuan ya dace da 'yan murabba'in mitoci. Lokacin shuka shi ne kaka, sa'ad da zafin rana ya sauko ƙasa da digiri 20 ya kuma tsaya a nan, wanda a Sichuan ke kamawa daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba. Ana zaɓar wuri mai inuwa wanda ruwa ba ya kwanciya, ƙasarsa mai laushi wadda ba a cika ta da taki ba, a kafce ta, a sa ɗan farar ƙasa ko toka idan tana da tsami domin ma'aunin tsaminta ya tsaya kusa da 7, sannan a tayar da kunya mai faɗin mita ɗaya da tudun santimita 15 zuwa 20. Irin shuka, wato alkama ko garin katakon da saƙar importuna ko sextelata ta riga ta mamaye, ana marmasa shi ƙanana a watsa a kan kunyar, a rufe da ƙasa mai kaurin santimita 2 zuwa 3. Manoman Sin suna auna danshi da hannu: a damƙi ƙasar, idan ta dunƙule ba tare da ruwa ya tsattsafo ba, aka kuma sake ta ta faɗi ta tarwatse, to ta yi daidai. Daga nan sai a lulluɓe kunyar da baƙar leda mai 'yan huji domin riƙe laima da hana ciyawa, a kafa ragar inuwa a sama.

Bayan mako guda ko biyu, wanda ya ɗaga ledar zai ga fuskar ƙasar ta yi fari-fari kamar an yayyafa gari, wannan kuwa wata ƙurar iri ce ta daban da saƙar ke fitarwa ba tare da barbara ba, kuma ita ce alamar cewa iri ya kama, lokacin ɗora ledar ciyarwa ya yi. Haɗin da aka fi ambata ya ƙunshi kusan kashi biyu cikin uku na jiƙaƙƙiyar alkama, sauran kuma garin katako da ɗan farar ƙasa, a ɗura a ledar da ke jure zafi, a turara ta a tukunya mai matse tururi a digiri 121 har sai duk wata halitta da ke ciki ta mutu, domin alkamar da ba ta turaru da kyau ba abincin fumfuna ce kafin ta zama ta morel. Idan ta huce sai a tsaga gefe ɗaya da wuƙa mai tsabta, a kifa tsagin a kan ƙasa a danna, leda biyu zuwa uku a kowane murabba'in mita. Cikin 'yan kwanaki zaren zai hau ya shiga, ledar ta yi fari daga ƙasa zuwa sama, kuma bayan kwanaki 40 zuwa 45 wanda ya ɗaga ta zai ji ta yi sakayau, ƙwayoyin alkamar sun motse sun zama kusan ɓawo zalla. Abin da ya fita daga cikinta yana ƙarƙashin ƙasa. A nan ne ake kwashe ledojin, ko a bar su idan sun riga sun ƙare ba su kuma kamu da fumfuna ba, sannan a bar kunyar ta sha sanyin hunturu ba tare da an ƙara mata komai ba.

Mataki na ƙarshe shi ne mafi hatsari. Idan hunturu ya fara janyewa, ɗumin ƙasa ya kai digiri 6 zuwa 10, sai a yaye baƙar ledar a ba kunyar ruwa mai yawa sau ɗaya har ya ratsa ta sosai, kuma wannan ruwa tare da haske da sabuwar iska su ne ke sanar da curin ajiya cewa lokacin haihuwa ya yi. Bayan kwanaki kaɗan sai a fara ganin wasu 'yan ɗigo-ɗigo farare masu sheƙi a fuskar ƙasa da cikin tsagoginta, kowanne bai fi kan allura ba, su ne tohon 'ya'yan. A wannan hali ba su jure komai: ruwan da aka watsa kai tsaye yana kashe su, busasshiyar iska ta yini ɗaya tana ƙone su, sanyin dare da ya kai ga daskarewa yana baƙanta su, zafin da ya haura digiri 25 kuwa yana iya share kunya guda cikin kwana biyu. Abin da suke so shi ne iska mai laima ta kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari da ɗumi tsakanin digiri 10 zuwa 20, shi ya sa ake fesa ruwa a iska ko a zuba shi a kwarin kunya maimakon kanta. Mafi yawan tohon ba ya kai labari ko a hannun gwanaye. Waɗanda suka tsira sukan ɗauki makonni biyu zuwa uku kafin su kai santimita 7 zuwa 12, ramukan hularsu su buɗe, sai a yanke su da wuƙa a gindi domin kada ƙasa ta shiga ramukan. Daga shuka zuwa girbi ana maganar watanni huɗu zuwa biyar.

Ko an kiyaye duk wannan, akwai abubuwan da ke ɓata aiki waɗanda ba laifin mai lambu ba ne. Baƙaƙen morel suna da nau'in barbara guda biyu a ƙwayoyin gadonsu, kuma sai an samu duka biyun a cikin saƙa kafin 'ya'ya su cika, amma idan aka yi ta dasa saƙa daga faifai zuwa faifai ɗaya daga cikinsu na iya ɓacewa, irin kuma ya tsufa, ba tare da wata alama da ido zai gani ba, saboda haka ingancin wurin da aka sayi iri ya fi duk wata dabarar ban ruwa muhimmanci. Akwai farar fumfuna, Paecilomyces penicillatus, wadda ke lulluɓe hula idan zafi da laima suka haɗu a rumfar da iska ba ta ratsawa, ga dodon koɗi da ƙananan ƙwari da tsutsotsi masu cin toho da dare. Sannan ƙasar da ta ba da morel bana ba ta cika bayarwa baɗi ba, abin da ya sa manoman Sichuan ke karɓa-karɓa da shinkafa, su bar ruwan fadama ya wanke gonar tsawon damina, mai ɗan lambu kuwa sai dai ya matsa zuwa sabon wuri. Gwaje-gwajen da aka yi da wannan tsari a Faransa da wasu jami'o'in Amurka sun tabbatar da cewa yana aiki a wajen Sin, amma da irin wannan rashin tabbas ɗin.

Noman cikin ɗaki kuwa ya sake ɗagowa a 2021, lokacin da wasu tagwaye 'yan ƙasar Denmark, Jacob da Karsten Kirk, suka sanar da cewa bayan kimanin shekaru 40 na bincike, wanda suka yi wani ɓangarensa a Jami'ar Copenhagen, suna samun baƙin morel kilo 4.2 a kowane murabba'in mita cikin zagaye na makonni 22, wato kusan kilo 10 a shekara, a ɗakunan da ake sarrafa yanayinsu. Ba su bayyana dukkan sirrin haɗin ƙasarsu ba, kuma kayan aikin sun fi ƙarfin mai gwaji a gida. Wannan batu ya shafi mazauna ƙasashe masu zafi kai tsaye, domin a Kano ko Damagaram, ko da sanyin hunturu ya sauko da ma'auni zuwa digiri goma sha wani abu da asuba, da rana yakan koma kusa da 30, ga iskar a bushe ƙamas, wato watannin da suka fi sanyi su ne suka fi rashin laima, akasin abin da tohon morel ke nema. Ba tare da ɗakin sanyi mai wutar da ba ta yankewa ba babu hanyar nomansa a irin wannan yanayi, kuma mai son noman naman kaza a can zai fi cin riba da jinsunan Pleurotus masu jure zafi, waɗanda ke fitowa a kan garin katako ko karan hatsi cikin 'yan makonni.

Saura batun ci, wanda bai kamata farin cikin girbi ya sa a yi masa riƙon sakainar kashi ba. Duk abin da ya fito a kunya sai an duba shi, domin shuka iri ba ta hana wani baƙon naman kaza tsirowa a wurin. Mafi hatsarin masu kama da morel shi ne Gyromitra esculenta, mai hula ja-ja a cukurkuɗe wadda ba ta da ramuka na gaske, cikinsa kuma ba wayam yake ba, yana da ɓangarori da tsoka, yana ɗauke da gubar jairomitirin da ke lalata hanta ta kuma taɓa ƙwaƙwalwa, sai kuma Verpa, wanda hularsa ke rataye daga ƙololuwar ƙafa kawai, cikin ƙafar kuma da wani abu mai kama da auduga. Wurin shuka ma yana da nasa hukunci, domin an samu dalma da sinadarin asenik a jikin morel da aka tsinta a tsofaffin gonakin tuffa na arewa maso gabashin Amurka, inda aka yi shekaru ana fesa maganin ƙwari mai ɗauke da su.

Shi kansa morel na gaskiya guba ne idan ɗanye ne. A watannin Maris da Afrilu na 2023, a garin Bozeman na jihar Montana, mutane 51 suka kamu da amai da gudawa bayan sun ci abinci a wani gidan cin abinci, aka kwantar da uku a asibiti, biyu suka rasu, kuma binciken hukumomin lafiya na Amurka ya danganta lamarin da morel da aka ba su ɗanye ko wanda bai dahu sosai ba. Jinsin da aka gano shi ne sextelata, nomamme ne kuma an shigo da shi daga Sin, abin da ke nuna cewa noma bai cire masa wannan hali ba, har yanzu kuma ba a tantance sinadarin da ke haddasa hakan ba. Abin da aka sani shi ne zafi na rage shi sosai, don haka ake tsaga morel biyu, a wanke ƙasa da ƙwarin da ke ɓuya a ramukansa, a soya ko a dafa shi har ya nuna ciki da waje, wanda bai taɓa ci ba kuma ya fara da kaɗan. Ɗanyensa ba ya wuce 'yan kwanaki a firji, kuma a jakar takarda ake sa shi, domin a cikin leda yakan yi gumi ya ruɓe. Wanda ya samu fiye da abin da zai ci sai ya busar da shi a iska mai ɗan ɗumi har ya yi ƙaras, ya adana a kwalba mai murfi, idan ya tashi amfani da shi ya jiƙa shi na kimanin rabin sa'a, sannan ya dafa shi kamar yadda zai dafa ɗanye, domin busarwa ba ta maye gurbin dahuwa.